Uwar Kwalabe da Jinin Kafinta

A hawa na biyu na ginin bincike, in ka wuce ɗakin ɗibar jini, akwai wata ƙofa mai gilashi da ba a shiga da takalmin waje. Matar da ke riƙe da makullin ƙofar nan kowa Uwar Kwalabe yake ce mata. Har Farfesa, shugaban sashen, in ya sha'afa haka yake kiranta, sai ya tuna ya gyara murya ya ce Malama.

Ba da digiri ta shigo ginin ba, da soso ta shigo. Tana da shekara ashirin da uku aka ɗauke ta wankin kwalabe, lokacin da aikin wutar lantarki da maigidanta ke yi ya ja baya, ga yara biyu ƙanana. Shekara shida tana wanki, tana ɗauraya, tana kai kwalabe tukunyar tururi, idonta kuwa yana kan hannun masu fararen riguna. Ranar da ma'aikacin ɗakin ya kwanta asibiti babu mai tsaya masa, ta ce wa Farfesa ita za ta iya. Ya dube ta sama da ƙasa, ya ga ba shi da wani, ya ba ta safar hannu. Yau shekara ashirin ke nan ba ta koma wurin wanki ba.

Aikin nata kiwo ne, sai dai abin da take kiwo ido ba ya gani. Ƙwayoyin garkuwar jiki ne, waɗanda ake cirowa daga jinin masu ɗauke da wata ƙwayar cuta da in ta shiga jini ba ta fita. Ana zuba su a kwalabe masu faɗi, a kwantar da kwalaben a akwatin ɗumi wanda zafinsa daidai yake da na jikin mutum. Abincinsu wani ruwa ne jaja-jaja. In sun cinye abin da ke ciki sai ruwan ya koma ruwan ɗorawa, ita kuwa tun daga bakin ƙofa take gane kwalbar da ke jin yunwa. Duk bayan kwana uku sai an sake musu ruwa, a rage su don kada su cunkushe, a ɗebi ɗigo a haɗa da shuɗin rini a ƙirga a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu. Matattu suna shan shuɗin, masu rai ba sa sha.

Ƙwayoyin nan ba su san Asabar ba, ba su san hutu ba, ba su san yajin aiki ba. Saboda su ba ta taɓa kwana uku a jere a wani gari ba. Da babbar 'yarta ta haihu a can nesa inda take aure, ta je ta ga jariri, ta kwana biyu, ta kamo hanya, kuma har yau in suka yi waya akwai ɗan sanyi a muryar yarinyar. Maigidan dai ya daɗe da sallamawa. In za ta fita da safe yakan ce, "A gaishe min da yaran kwalba. Ki ce musu mu ma muna nan da ranmu, in an samu sarari a leƙo mu."

Cikin duk kwalaben akwai 'yar lelenta, wadda aka rubuta wa lamba arba'in da ɗaya. Daga jinin wani kafinta aka samo ta.

Shekara goma sha huɗu da suka wuce aka turo shi daga asibitin da ke kallon ginin. Matarsa cutar ce ta kashe ta. 'Yarsu guda, mai shekara goma sha biyu a lokacin, da cutar aka haife ta, da magani kuma take rayuwa. Shi kuwa yana ɗauke da ita shekara da shekaru, bai taɓa haɗiyar ƙwaya ɗaya ba, ko mura ba ta cika kama shi ba. In an auna jininsa da ƙyar ake ganin cutar. Jikinsa ya san wata dabara da jikin sauran mutane bai sani ba, Farfesa kuwa dabarar nan yake nema.

Uwar Kwalabe ce ta karɓi jinin. Ta sa shi a injin juyi har ya rabu, ja a ƙasa, ruwa a sama, a tsakani wani siririn fari kamar yanar kan madara. Wannan farin ta zuƙe, ta raba shi ramuka casa'in da shida a kan faranti, ta zauna jira. Rami ɗaya tak ya yi rai. Da aka haɗa abin da ya tsiro a ramin da ƙwayoyin da cutar ta kama, kafin a tashi daga aiki washegari ya karkashe su kaf. Farfesa ya yi ta zagaye ɗakin yana tafa hannu kamar yaro. Kuma shi mutum ne da bakinsa ya fi aikinsa sauri. Ya kama kafaɗar Kafinta a gaban kowa ya ce masa, "Malam, maganin 'yarka a jininka yake." Bai kamata ya faɗa ba. Ya faɗa ya manta, Kafinta kuwa ya ɗauki maganar ya kai gida.

Tun daga nan duk shekara Kafinta yake zuwa a ɗebi jininsa don a ga yadda jikinsa ke ciki. In an gama ba ya wucewa sai ya tsaya a ƙofar gilashin ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsansa guntulalle, wanda zarto ya taɓa cinye wa kai.

"Malama, yaran nawa suna nan?"

"Suna nan, Baba. Jiya ma suka ci suka ƙoshi."

"To madalla. A ci gaba da haƙuri da su."

Sau ɗaya ta karya doka ta shigar da shi, ta nuna masa su a madubi. Ya daɗe a sunkuye, ya ɗago ya ce shi dai ɗigo-ɗigo ya gani masu ƙyalli, amma ya yarda. Bayan mako biyu ya aiko mata da kujera daidai tsawonta, don ya lura tana ɗaga kafaɗa in tana aiki.

Shekaru biyun farko arba'in da ɗaya ta ba ta wahala. Yau ta yi kyau, jibi rabi sun sha shuɗi. Sai lallashi, sai ƙarin sinadarai masu tsada, sai addu'a. A shekara ta uku kuwa abin ya sauya. Ƙwayoyin suka kama yaɗuwa, kwalba kan cika tun kafin kwana ukun, ba sa ma buƙatar ƙarin komai. Uwar Kwalabe ta ji daɗi har cikin ranta, ta ce ai sun saba da hannunta ne. Bayan 'yan watanni motar da ke kawo ruwan daskarwa na tankin da ake ajiye ƙwayoyi a daskare ta yi mako biyar ba ta zo ba. Tankin ya bushe, duk 'yan kwalaben da aka daskarar tun farko don gudun ɓacin rana suka mutu. Abin da ya tsira shi ne wanda ke raye a akwatinta. Daga shi ta sake cika tankin, aka yi ta yaba mata, Farfesa har ya ambace ta a taron shekara.

Abu ɗaya ne ya dame su. Ƙwayoyin sun iya yaɗuwa, amma sun daina kisa. A haɗa su da masu cutar, su kwana tare lafiya lau kamar maƙwabta. Farfesa bai rasa bayani ba, shi da ma ba ya rasawa. Ya ce sun gaji. Sananne ne a wannan fanni cewa in cuta ta daɗe a jiki, ƙwayoyin garkuwa sukan yi yaƙi har su sare. Aiki sai ya koma neman hanyar da za a tashe su. Aka shafa musu rini mai ƙyalli iri-iri, aka bi da su ta injin haske mai ƙirga su ɗaya bayan ɗaya yana faɗin abin da ke jikin kowace. Aka ba su wannan sinadari, aka hana su wancan. Shekara goma sha ɗaya ana abu ɗaya. Takardu biyar suka fita, ɗalibai uku suka zama daktoci, sunan Uwar Kwalabe yana can ƙasa wurin godiya da ƙananan haruffa. Ƙwayoyin dai ba su farka ba.

Bana aka kawo sabuwar Dakta wadda za ta gaji Farfesa, don saura masa wata huɗu ya yi ritaya. Mace ce mai ladabi, ba ta wuce sa'ar 'yar Uwar Kwalabe ba, Mama take ce mata. Amma ta zo da doka: duk kwalbar da ke ɗakin sai an duba tambarin halittarta an gwada da na mai jinin, kamar yadda ake gwada zanen yatsa.

Ran Uwar Kwalabe ya ɓaci. "Dakta, ni za a tambaya 'ya'yana na wane ne? Tun kina makarantar firamare nake ba su abinci."

"Ba ke ake tuhuma ba, Mama. Ko'ina haka ake yi yanzu. Kwana goma an gama."

Da kwana goman suka cika, Dakta ba ta aiko a kira ta ba, da kanta ta zo, ta rufe ƙofa, ta ajiye takarda biyu a kan tebur. Ɗaya ta jinin Kafinta na bara, ɗaya ta arba'in da ɗaya. Ba sai mai digiri ba, ko yaro ya ga layukan da ke kan takardun ba su hau juna ba.

"To in ba nasa ba ne, na wa ne?"

Dakta ta ajiye takarda ta uku, wannan kam ta hau daidai. Akwai wasu ƙwayoyi da ake saye daga waje, kusan kowane ɗakin gwaji yana da su don gwaje-gwajen yau da kullum. Asalinsu daga wani mai sankarar jini ne da ya daɗe da barin duniya. Ba sa gajiya, ba sa zaɓen abinci, yaɗuwa kawai suka sani. In ɗigo ɗaya nasu ya faɗa wata kwalba, cikin 'yan makonni sun cinye abincin, sun danne masu gida, babu mai gane an yi sauyi, don a madubi duk kamarsu ɗaya.

Uwar Kwalabe ta ce inji ne ya yi kuskure. Aka sake, aka kuma sakewa. Ta sa doguwar safar hannu ta buɗe tankin, hayaƙin sanyi yana dukan fuskarta, ta zaro kwalba mafi tsufa da ke ciki, ta narkar da ita, ta raine ta mako biyu. Ita ma baƙuwa ce. Wato ba gajiya ƙwayoyin Kafinta suka yi ba, mutuwa suka yi tun shekara goma sha ɗaya da suka wuce, a hannunta, a daidai lokacin da take murna sun saba da ita.

Ba wanda ya ce ta binciko ranar, ita ta sa kanta. Littattafan aikinta suna nan jere a kabad, ba ta taɓa tsallake rana ba. Ta same ta a littafi na tara, wata Alhamis. Arba'in da ɗaya, ƙarfe goma da minti ashirin. Ƙwayoyin saye, ƙarfe goma da minti ashirin. A gefe da rubutun gaggawa: an kira daga makaranta, Auta ya faɗo daga bishiya. Dokar farko da take koya wa duk ɗalibin da ya shigo ɗakin ita ce kada a taɓa buɗe kwalba biyu lokaci guda. Ta sha korar ɗalibai a kan wannan. Ta zauna ta matsa wa kanta ko za ta tuna hannunta yana yin abin, ko bututun zuƙa ɗaya ta yi amfani da shi, ko feshi ne ya tashi. Ta tuna karayar hannun yaron, ta tuna launin rigarsa, amma kwalaben ko kaɗan ba ta tuna ba. Wannan ya fi komai ci mata rai.

Farfesa ya kira ta ofis. Ya tsufa a mako guda. Takardunsa biyar yake tunani, da abin da za a rubuta wa mujallun da suka buga su. Ya ce, "Malama, babu wanda zai ce ke ce. Ni ne shugaba, ni ya kamata in sa a duba tun tuni." Gaskiya ya faɗa, amma ita ba wannan ya kawo ta ba.

"A sake ɗibar jininsa mana, ranka ya daɗe. Na yi sau ɗaya, zan sake."

Dakta ce ta amsa, a hankali. Shekara uku ke nan da cutar ta fi ƙarfin jikin Kafinta, shi ma yanzu magani yake sha kamar kowa. Ta bi da jininsa na bara ta injin haske, irin ƙwayoyin nan 'yan ƙalilan suka rage, su kuwa da gaske sun gaji. Ta gwada raya su a faranti huɗu, ko rami ɗaya bai tsiro ba. Abin da jikinsa ya sani a da, kwalbar nan ce kaɗai ta riƙe shi. Za a rufe binciken, ba za a ƙara ɗibar jinin kowa a kansa ba.

Da yamma ta tarar da maigida a tsakar gida yana kwance wata tsohuwar fanka. Ta faɗa masa komai. Karon farko a rayuwarsu bai yi wasa da zancen kwalabe ba. Ya ajiye sukundireba ya ce, "Mutumin nan yaushe zai zo?"

"Wata mai kamawa."

"Ki ce masa suna nan. Me faɗar za ta ƙara masa? Dattijo ne, ki bar shi da abin da yake riƙe da shi."

"Shekara goma sha ɗaya ina masa ƙarya ban sani ba. Yanzu kuma in yi ina sane?"

"To ki bar Farfesa ya faɗa masa, ai shi ya yi alkawarin."

"Ba ƙofar Farfesa yake ƙwanƙwasawa ba."

A makonnin da suka biyo baya ba ta fasa zuwa aiki ba. Kwamiti bai zauna ya ba da izinin zubar da kwalaben ba, su kuwa baƙin ba ruwansu, duk kwana uku ruwansu ya sauya launi. Haka ta ci gaba da ba su abinci tana jin haushinsu, tana jin haushin hannunta da ya ƙi yin aikin da ganganci.

Ranar Talata da hantsi aka ƙwanƙwasa gilashi. Ya rame, gemunsa ya yi fari fat, akwai garin katako a wuyan rigarsa.

"Malama, na je ɗakin ɗiba sun ce wai babu sunana bana. Na ce bari in zo wurinki, ke kin san ni. Yaran nawa suna nan?"

Ta fito ta ja masa kujera a baranda, ita ta tsaya. Ta shirya maganar tun kwanaki, amma da ta buɗe baki sai ta fito a gajarce.

"Baba, ba sa nan. Sun daɗe da mutuwa. Wasu ne suka shiga kwalbar suka cinye su, ni kuma ban gane ba. Hannuna ne ya yi kuskuren, ba na kowa ba."

Ya dubi tafin hannunsa. "Tun yaushe?"

"Shekara goma sha ɗaya."

"Waɗanda kika nuna min a madubi fa?"

"Su ma ba naka ba ne."

Ta so ya yi faɗa. Da ya zage ta da ta samu abin riƙewa. Sai kawai ya gyaɗa kai, kamar wanda aka ce wa katakon da ya saya gara ta ci, ya kama naɗe hannun rigarsa.

"To ai mai jinin yana nan. A ɗebi wani."

"Ba zai yi ba, Baba. Jinin yanzu ba irin na da ba ne. An gwada, bai tsiro ba. An ma rufe aikin."

"Ko an ɗiba da yawa?"

"Ko nawa aka ɗiba."

Bai sauke hannun rigar ba. Ya juya ya dubi matakala, ya rage murya.

"Yarinyar tana ƙasa a kan benci. Bana ba ta iya hawowa. Magani na huɗu ke nan aka sauya mata, likita ya ce shi ma ya fara ƙi, bai kuma ce akwai na biyar ba. Duk shekara in na fito, hannuna take fara dubawa. In ta ga filasta sai ta ce, to, Baba, ana nan ana aiki." Ya miƙo hannun. "Ni na ji, na kuma yafe miki, Allah ya sani. Amma kada ki bar ni in sauka haka."

Ba ta da izinin taɓa shi, babu takarda, babu lambar da za a rubuta. Ta shiga ta ɗauko igiyar ɗaure hannu da allura da 'yar kwalba guda. Jijiyarsa ta yi zurfi yanzu, sai da ta laluba. Jinin ya taho a hankali, ya cika kwalbar. Ta danna auduga, ta manna filasta, ta ƙara wata a kai don ta fito sosai.

Ya sauke hannun rigar iya gwiwar hannu, ya bar filastar a waje. "Na gode, Malama. A gaida gida."

Ta tagar baranda ana hango bencin. Wata siririyar mace ce a zaune, ta jingina da bango, mayafi ya yi mata yawa. Da uban ya iso ta kamo hannunsa ta juya shi, ta shafa filastar da babban yatsa, ta ɗago ta dubi tagogin hawa na biyu ta ɗaga hannu. Uwar Kwalabe ta ɗaga mata nata.

Ta koma ciki da kwalbar, har yanzu da ɗuminta. Ta daɗe tsaye a tsakiyar ɗakin tana duban akwatin ɗumi, da firij, da injin juyi, babu inda za ta sa ta. Ta buɗe bokitin bilic mai kashe ƙwayoyi da ake zuba abin da aka gama da shi, ta cire murfin kwalbar ta juye.